Wurin da yatsa yake iya nunawa

Wata Talata ce a watan Janairun 2025, hunturu ya kankama, hazo ya rufe Sakkwato har ba ka hango ƙarshen layinmu a Mabera. Mai ga-ruwa ya sauke mana jarka shida a zaure, ya tura kurarsa ya yi gaba. Yara suna makaranta, maigida ya fita tun da sassafe, ni kuma ba ni da darasi sai ƙarfe sha ɗaya. Randa ba ko ɗigo. Na san an hana ni ɗaukar kaya mai nauyi, amma daga zaure zuwa madafa bai fi taku goma sha biyu ba, sai na ce bari in ja guda ɗaya kawai.

Jarka mai lita 25 idan ta cika, kilo 25 ke nan. Ƙafata ta dama ba ta da ƙarfin da zan dogara da ita, don haka na tokare da ta hagu, na karkace, na fizgo jarkar da hannun hagu. Nan take na ji wani abu ya ce ɗas a ƙasan nonona na hagu, ta wajen awaza, kamar an ja roba ta tsinke. Na dafa bango na tsaya. Jim kaɗan ya lafa, na ƙarasa jan jarkar, na yi wanka na tafi makarantar da nake koyarwa. Kafin la'asar na ma manta da zancen jarka, kuma wannan mantuwar ce ta jawo mini wahalar kwana uku.

Tun 2019 nake ɗauke da cutar jijiyoyi da likitoci ke kira MS, wato multiple sclerosis. Kafin a gano ta na yi kusan shekara biyu ina yawon magani. Idona na dama ya dushe da ciwo na tsawon makonni, ya dawo da kansa. Daga baya ƙafa ta sage. Na sha maganin maleriya da na taifod har na gaji, aka ce sammu ne, aka ce iska ce. Sai da na kai ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya tura ni hoton MRI na kai da na laka, aka ɗebi ruwan bayana, aka kuma gwada jini don a tabbatar ba wata cuta mai kama da ita ba ce, wadda ta fi kama baƙar fata fiye da Turawa. Ranar da sakamako ya haɗu, ya ɗauki wayar cajarsa da ke kan tebur, wadda robarta ta ɗan zage, ya ce haka jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka suke da rigar kitse da ke lulluɓe su, ni kuma garkuwar jikina ce ta juya tana cin wannan rigar. Duk inda ta ci, saƙo yakan yi jinkiri, ko ya rikice, ko ya ƙi wucewa. Wani likitan Faransa, Sharko, ya yi bayanin cutar tun 1868, kuma a ƙidayar 2020 mutum kusan miliyan 2.8 ke da ita a duniya, mata sun fi yawa. A nan wajenmu ba kasafai ake ganinta ba. Har yau idan na faɗi sunanta a gidan suna ko biki, sai an tambaye ni ko sikila nake nufi.

Daga cikin abin da cutar ta saba yi mini akwai wanda na laƙaba wa suna ɗamara. Sai in ji kamar an zagaye ƙirjina da gyale an ɗaure tamau, ana ƙara tamkewa, tun daga baya har gaba. Wani lokaci minti goma, wani lokaci yini guda. Ko rigar mama ba na iya bari a jikina. Likita ya ce 'yan ƙananan tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari ne ke ɗaurewa saboda rikitaccen saƙon da ke zuwa daga laka, wani lokacin ma tsokar lafiyarta ƙalau, jijiya ce kawai ke kai rahoton matsin da babu shi. Na saba da ita. Na san tana zuwa idan na gaji ko idan rana ta dafa ni.

To da ciwo ya tashe ni a daren Talatar nan, ban yi wani dogon tunani ba. Na ce ɗamara ce. Na sha baklofen ɗina, maganin sassauta tsoka, na sassauta riga, na jira ta saki, ba ta saki ba. Ga tari kuma da ƙurar hunturu ta saka mini tun makonni biyu kafin nan. Kowane tari ɗaya sai in ji kamar an soka mini tsinken tsire tsakanin ƙasusuwa. Washegari da na ɗaga hannu zan rubuta kwanan wata a saman allo, alli ya faɗi daga hannuna a gaban 'yan aji huɗu. Sai tunanina ya koma kan abin da duk mai wannan cuta yake tsoro, wato ta sake tasowa. Na tsaya wani kemis a hanyar gida na yi masa bayani sama-sama. Ya san ina da lalurar jijiya, ya san an taɓa yi mini ƙarin ruwa na sitiroyid, sai ya ce in sayi ƙwayar firednisolon, wadda ita ma sitiroyid ce, in fara sha, ya haɗa mini da taramol. Na karɓi ta farkon na saka a jaka, na bar masa ta biyun. Allah ya taimake ni ban sha ba, don na yi niyyar sai na ji daga bakin likitana.

Daren Alhamis atishawa ɗaya ta durƙusar da ni a tsakar ɗaki. Na kasa jan numfashi ya kai ƙasa, gumi ya karyo mini duk da sanyin da ake yi. Mahaifina ciwon zuciya ne ajalinsa, kuma nan gefen hagu ne. Maigida bai tsaya shawara ba, ya ce, "Tashi mu tai asibiti, wanga ba na jiran safiya ba na." Muka samu keke napep da kyar. Ban taɓa sanin yawan ramukan da ke hanyarmu ba sai a daren nan, don kowanne sai da na ji shi a haƙarƙarina.

Abin da aka yi a asibiti bai ɗauki dogon lokaci ba. Aka auna jini da zafin jiki, aka maƙala mini ɗan abin nan a yatsa mai nuna yawan iskar da ke cikin jini, aka manna wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu aka ɗauki bugun zuciya a takarda. Likitar da ke aiki, wata matashiya mai natsuwa, ta duba ƙwaurina duka biyu ta matsa, ta ce tana neman kumburi ne, domin wanda ba ya yawan motsi jini kan iya daskarewa a ƙafarsa ya tafi huhu, kuma shi ma da ciwon ƙirji yake zuwa. Ta saurari huhuna ta gaba da ta baya. Ta rubuta hoton ƙirji da gwajin fitsari. Sannan ta ja kujera ta zauna ta ce, "Malama, nuna mini inda yake miki ciwo da yatsa ɗaya."

Na ɗora yatsa a wurin ba tare da lalube ba. Ta sa nata yatsan ta danna, na yi ƙara na riƙe hannunta. Ta matsa gefe kamar faɗin yatsu uku ta danna, ban ji komai ba. Ta ce in juya kafaɗa zuwa dama, ciwon ya taso. In ja dogon numfashi, ya taso. Sai ta tambaye ni ko na faɗi, ko na ɗauki wani abu mai nauyi a 'yan kwanakin nan. Na ce a'a. Maigida ne ya ce, "To jarkar da na iske a madafa ran Talata, wa ya kai ta?" Sai a lokacin ƙarar nan ta ɗas ta dawo mini.

Targaɗen tsoka ne. Mutum yana da haƙarƙari goma sha biyu a kowane gefe, tsakanin kowane biyu akwai siraran tsokoki hawa uku da ke buɗa ƙirji su rufe shi duk lokacin da aka yi numfashi. Na fizgi ɗaya daga cikinsu har wasu zaruruwanta suka yage, tari kuma ya hana ta hutawa. Hannu idan ya yi targaɗe ana rataye shi, amma ƙirji ba ya samun hutu, don mutum yana numfashi wajen sau dubu ashirin a yini. Ta ce shi ya sa yake daɗewa, in sa ran makonni huɗu zuwa shida, wani ma ya fi haka. Zuciya lafiya, huhu lafiya, ƙashi bai tsage ba.

Na fito da firednisolon ɗin daga jaka na nuna mata. Ta girgiza kai ta ce in ajiye shi. Da na je wajen likitana mako na gaba, ya ƙara mini bayani. Ba a cewa cutar ta taso sai an ga sabuwar alama ta jijiya, ko tsohuwa ta tsananta, ta wuce awa 24, kuma babu zazzaɓi ko wata cutar da ta shiga jiki, don ko ciwon mafitsara kaɗai yana iya farfaɗo da tsofaffin alamu har mutum ya zaci tasowa ce. Shi ya sa aka gwada fitsarina. Sitiroyid kuma ba abin wasa ba ne: yana rage ƙarfin ƙashi, yana ɗaga sukari, yana taɓa ciki, yana hana barci, yana raunana garkuwa. Da na sha, da na kwashi illarsa a banza, tsokar kuma tana nan yadda take.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Shekara biyu na yi ina roƙon mutane su yarda cewa ciwona na gaske ne, ba sammu ba, ba raki ba. Da aka ba shi suna, sai na ɗauki sunan na rufe komai da shi. Kai ya yi ciwo, MS. Baya ya riƙe, MS. 'Yan gidanmu ma haka suka koma, ko tuntuɓe na yi sai a ce "lalurarta ce". Alhali jikin nan jiki ne irin na kowa, yana targaɗe, yana kamuwa da mura, zuciyarsa tana iya samun matsala irin ta mahaifina. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, da a ce zuciyar ce, da haka zan kwanta kwana biyu ina jiran ɗamara ta saki. Ita kanta likitar ta ja mini kunne a kan wannan. Ta ce dannawa da yatsa alama ce kawai, ba ta isa a yanke hukunci da ita ba. Duk ciwon ƙirjin da ya zo sabo, ko ya zo da nauyi kamar an ɗora dutse, ko ya miƙa zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko ya haɗu da gumi da sarƙewar numfashi, asibiti ake nufa a lokacin, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Magani kaɗan aka ba ni. Farasitamol ƙwaya biyu, kada ya wuce sau huɗu a yini, da man shafawa na diklofenak. Ba a ba ni na sha ba saboda ina da gyambon ciki. Sai maganin tari, da umarnin in riƙa sa takunkumi idan zan fita cikin ƙura.

Inna ta zo daga cikin gari da safe, da ƙullin kanwa da man shanu da tsohon zanenta. Ta dube ni ta ce, "Ke wagga, sanyi na yash shiga miki. A ɗaure ƙirjin ga tamau, a gasa shi da ruwan zahi, in bai bari ba a kira wanzami shi yi ƙaho." Ban iya yi mata musu ba, don da irin wannan kulawar ta raine mu mu bakwai. Ta naɗe ni da zane ta tamke, kuma gaskiya na ji sauƙi, don ƙirjin ya daina motsi sosai. Kwana biyu na yi a haka. Ranar da na je sashen gashin ƙashi, ma'aikaciyar ta ga zanen ta ce in kwance shi yanzu-yanzu. Ta ce sauƙin da nake ji na rashin cika huhu ne, kuma huhun da ba ya buɗewa sosai majina kan taru a ƙasansa ta zama ciwon nimoniya, balle ga mai tari. Maimakon ɗauri, ta koya mini in rungume filo a gefen idan tari ko atishawa ta zo, kuma kowace awa in ja dogon numfashi sau goma a hankali, ko da yana ciwo.

Zancen ruwan zafi ya fi wuyar sasantawa. Mu masu wannan cuta zafi ba abokinmu ba ne. Jijiyar da rigarta ta zage, da zarar zafin jiki ya ɗan ɗaga, ko da rabin digiri ne, sai saƙo ya ƙara tsayawa. Wani likitan ido Bajamushe, Utof, ya lura da haka a 1890, kuma kafin zuwan MRI har saka mutum ake yi a ruwan zafi a ga ko alamu za su fito. Ni idan na yi wanka da ruwa mai zafi, idona na dama yakan yi hazo, ƙafa ta zama kamar ba tawa ba, sai jiki ya huce su dawo. Ga shi kuma fatar cikina da gefena ba ta jin zafi daidai, ina iya ƙonewa ban sani ba. Muka tsaya a kan tawul da ruwa mai ɗumi, a wurin ciwon kaɗai, minti goma sha biyar, kuma Inna ce za ta fara gwada shi a gwiwar hannunta. Ta karɓi wannan aikin hannu bibbiyu. Kullum bayan magariba sai ta zo da ɗan kwanonta, ta tsoma tawul ta matse ta ɗora, tana karanta addu'a ƙasa-ƙasa. Zancen wanzami bai sake tasowa ba.

Makon farko a jingine na riƙa barci, filo uku a baya. Tashi daga kwance shi ne babban aiki. Da ma saboda ƙafar nan na saba kama ƙarfen gado in fizgo jikina da hannu, ma'aikaciyar ta ce wannan ɗabi'ar ce ta daɗe tana gajiyar da tsokokin gefena, jarka ƙarasawa kawai ta yi. Ta nuna mini in mirgina kan gefen da yake lafiya, in sauke ƙafafu ƙasa, sannan in tura da gwiwar hannu. Ta duba sandata ta ce ta yi tsawo, tana sa ni ɗage kafaɗa. Aka rage ta har mariƙinta ya zo daidai wuyan hannuna idan na tsaya. Salla kuwa a kujera na riƙa yi. Na san addini ya yi rangwame, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, amma duk da haka ranar farko da na yi nuni maimakon in kai goshi ƙasa sai da na yi hawaye.

Ma'aikaciyar ce kuma ta ce in samu littafi in riƙa rubuta ciwo. Da farko na ga kamar ƙarin aiki ne. Na ɗauki ragowar littafin ɗiyata mai shafi arba'in, kowane dare in rubuta inda ya yi ciwo, yadda yake, abin da na yi kafin ya zo, abin da ya sa ya lafa. Cikin makonni uku sai na ga abin da nake kira "ciwona" ashe ba ɗaya ba ne. Akwai zugin tafin ƙafa da ke zuwa da dare kamar an zuba barkono, wanda farasitamol ba ya ko taɓa shi, sai gabafentin, maganin zugin jijiya. Wannan na jijiya ne. Akwai wanda idan na sunkuyar da kai ina duba littattafan yara sai in ji kamar lantarki ya ja ni daga wuya zuwa ƙugu, daƙiƙa ɗaya ya wuce. Akwai ɗaurewar ƙwauri da asuba, wadda sanyi ke ƙara wa ƙarfi, miƙa ƙafa kuma ke sassautawa. Sannan akwai ciwon ƙugu da na gwiwar hagu, waɗanda ba cutar ce ke yin su kai tsaye ba, ɗingishi ne da ɗora wa gefe ɗaya nauyi. Su kam suna jin motsa jiki da hutu kamar na kowa. Da na kai wa likita littafin, ya fi minti goma yana karantawa, ya sauya mini lokacin shan magani ɗaya, ya ce wannan ya fi masa amfani fiye da in ce "ko'ina ciwo yake".

A gida ma an yi gyara. Mai ga-ruwa yanzu har madafa yake shiga da sallama ya juye a randa, muna ƙara masa wani abu a kan kuɗinsa. Tukunyar tuwo babba ɗiyata ke saukewa. A makaranta na roƙi shugabar ta bar ni in riƙa rubutu daga tsakiyar allo zuwa ƙasa, wani yaro mai tsawo yana rubuta kwanan wata. Roƙon ya yi mini nauyi a baki, don ba na son a riƙa kallona a matsayin mara lafiya, amma ta amsa ba tare da ta sa na ji kunya ba.

A mako na uku na iya yin dariya ba tare da na dafe gefe ba. A na biyar na kwanta a kan hagu har safe. Azumi ya kama a farkon Maris, kuma a daren tarawihi na uku na sauka daga kujera na kai goshina ƙasa. Wurin ya ɗan ja, amma ya bar ni na gama sujada.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu ya san zafi yana haura digiri 40, iska kanta kamar daga bakin murhu take fitowa. Wata ranar Laraba na dawo daga makaranta da azahar, ba wuta, fanka a tsaye, ina shiga ɗaki na ji ƙirjina ya tamke. Gabana ya faɗi. Na zauna bakin gado na bi abin da aka koya mini ɗaya bayan ɗaya. Ba nauyi, ba ya tafiya hannu, numfashi yana kai wa ƙasa. Na sa yatsa ina neman wurin, na danna tsohon gurbin, shiru. Na bi haƙarƙari ɗaya-ɗaya, babu inda ya amsa. Matsin ya zagaye ni ne gaba da baya kamar gyale, irin wanda na sani tun 2019. Na aiki ƙaramin ɗana ya sayo ƙanƙara a maƙwabta, na jiƙa zane na yafa, na sha ruwan randa kofi biyu, na kwanta a kan siminti. Wajen minti arba'in ta saki. Na jawo littafin na rubuta: Laraba, ƙarfe biyu, ɗamara, bayan tafiya cikin rana, ta tafi da sanyi. Sannan na tashi na ɗora sanwar dare.